Ranar da Aka Goge Faifan Latifatu

Jama'a, sallama gare ku, musamman masu cika min waya da saƙon "ina aka kwana?" Wata 'yar uwa daga Tamale ta rubuto min cewa, "Rashida, ke kishi ne zai kashe ki tun kafin a shafa fatiha." Ban musa mata ba. Amma ku saurari abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce, sannan ku gaya min ko ni ce mai matsala.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Rashidatu. A Tsohon Zango aka haife ni, nan Kumasi, a gidanmu mai ɗakuna kewaye da tsakar gida da famfo guda da kowa ke faɗa a kansa. Kwamfuta na karanta. Mai nemana kuwa Kamaldeen ne, yana da situdiyon ɗaukar hoto da bidiyon biki a kan hanyar Manhyia. Aiki ne ya haɗa mu. Ni na haɗa masa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da duk bidiyon bukukuwan da suke ɗauka. Wani baƙin akwati ne a ɗan ɗakin baya, ba ado ba kwalliya, sai fanka mai gurnani. Daga "zo ki duba min" aka koma "kin ci abinci?", kafin in ankara sai ga shi durƙushe a gaban mahaifiyata Mma yana gaishe ta.

To, tun daga gaisuwar nan ba a ƙara gaba ba.

Da safiyar Alhamis ina guga a kan tabarma, Mma tana suyar ƙosai a bakin kurfotin gawayi, sai ga Anti Sala, ƙanwar Baaba, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ko zama ba ta gama yi ba ta ɗauki ƙosai mai zafi tana hurawa, ta dube ni.

"Rashida, mai hoton naki fa? Ya ɗauke auren Zango kaf, nasa sai yaushe?"

"Yana shiri, Anti."

"Shiri! Fataw ɗan Alhaji mai shanu ya sake tare ni jiya yana tambayarki. Yaro mai ladabi, motocinsu na sauko da shanu daga arewa ba fashi. Shi ba shiri yake ba, a shirye yake."

Na ci gaba da murza guga a kan mayafin da ya riga ya miƙe. Mma ba ta ɗago ba, tana juya ƙosai ta ce, "Baabanki ya ce in Babbar Sallah ta wuce bai ga goron neman aure ba, kada yaron nan ya ƙara taka masa tsakar gida. Ni dai na isar."

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Kamal ne.

"Salam Rashida. An samu faifan ajiyar da kike ta cewa a nemo. Latifa ce ta kawo nata, ta ce ba ta amfani da shi. Don Allah ki zo ki haɗa mana yau."

Na karanta, na sake karantawa. Latifa ce ta kawo nata.

Bari in gaya muku wace ce Latifa. Latifatu sabuwar mai tace bidiyo ce da ya ɗauka bayan Ƙaramar Sallah, daga Nima ta zo. Da na tambaye shi ina ya samo ta, cewa ya yi, "Ƙanwar abokina ce." Doguwa ce, mai wushirya, in tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Duk wannan bai dame ni ba, wallahi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sunan da take kiransa da shi. Duk Zango Kamal ake ce masa, uwarsa ma Kamalu take cewa. Ita kuwa "Deen". Kuma yana amsawa tun kafin ta rufe baki.

Maganar faifai kuwa ni na fara ta. Faifan da ke cikin sabar ya kusa cika, kuma ya fara wani ƙas-ƙas da ban yarda da shi ba. In ya mutu, bukukuwan mutane ne za su mutu da shi, har da na 'yar wani Alhaji da ba a ma gama tacewa ba. Bakina ya gaji da cewa a nemo faifan waje a riƙa kwafe komai a ciki. "Insha Allah, insha Allah." Yau Latifa ta miƙo nata, an ce in zo da gudu.

Na ajiye doguwar rigar da na goge, na buɗe akwati na ciro leshi ruwan zuma wanda ban sa ba tun sunan ɗan yayata. Na ɗaura ɗankwali, na warware, na sake ɗaurawa. Na sa kwalli, na fesa turaren da nake ɓoyewa a bayan madubi.

Mma ta bi ni da ido. "Wayoyi za ki haɗa ko biki za ki?"

Maame Adwoa, maƙwabciyarmu Ba'asanta da ke wanki a bakin famfo, ta tafa hannu mai kumfa. "Eii, Rashida, ka yi kyau paa! Miji ya kira ka?"

Na yi dariyar yaƙe, na rataya jakar laftof, na fita na tari pragya, keken nan mai ƙafa uku.

Tun daga matakalar situdiyo na jiyo dariyarta. Ba a gaba take ba, inda teburinta yake. A ɗakin baya take, ɗakin saba. Ku fahimce ni, ɗakin nan ni na share shi, ni na ɗaure wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kujerar robar da ke ciki ma tawa ce, daga gida na kawo ta. A kanta na tarar da Latifa, ta cire takalmi ta naɗe ƙafa, tana shan sobolo, zoɓon nan namu. Wando mai faɗi ta sa da buɗaɗɗiyar abaya baƙa, ɗan ƙaramin mayafi a ka. Turarenta ya kori warin ƙurar da na saba da shi. Kamal na jingine da ƙofa yana dariya har da riƙe ciki.

"Ga injiniya ta iso," in ji shi. Ya kalli leshina, ya buɗe baki zai ce wani abu, sai Latifa ta riga shi.

"Sista Rashida, masha Allah! Deen, dubi kayan nan."

Sai da ta ce ya duba sannan ya duba da kyau. Ku rubuta wannan ku ajiye.

Ta tashi ta ba ni kujerata kamar ita ce mai masauki, ta miƙo min faifan. Baƙi ne, faɗin tafin hannu, gefensa ya ɗan goge, da wata 'yar sitika ta fure a bayansa.

"Akwai wani abu a ciki da kike so?" na tambaye ta. "In na yi masa fomat komai zai tafi."

"Babu komai koraa, ko kaɗan. Ki goge."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ta ɗauki takalmanta a hannu ta koma gaba.

Kamal ya duba agogo ya ce zai leƙa Ayigya Zango ya ga wani mai biki, in zai dawo ya taho mana da waakye, wato shinkafa da wake. Ya sunkuyo ya rage murya. "Kin yi kyau fa."

"An gaya maka ai," na ce. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Na san wasunku za su ce mene ne abin wahala, ai soka waya ne kawai. A kwamfutar gida haka ne, kana sokawa faifai zai bayyana. Saba ba ta yin haka. Baƙin allo ne da farin rubutu, ba hoto ba komai. In ka soka mata faifai ta san yana nan, amma ba za ta taɓa shi ba sai ka buɗe masa folda ka ce mata ga inda za ta same shi. Wannan shi ake kira mount. Fomat kuma shi ne a share faifan tas a shimfiɗa masa sabon tsari irin wanda sabar ke aiki da shi. Malaminmu a makaranta yakan ce fomat ba ya jin "yi haƙuri".

Na soka wayar a bayan sabar, 'yar fitilar faifan ta kama walƙiya. Na buɗe laftof ɗina na shiga sabar, na rubuta lsblk don in ga jerin faifan da take gani. Sunaye uku suka fito: sda, sdb, sdc. Na farko shi ke tafiyar da sabar. Na biyu shi ne mai ƙas-ƙas, mai ɗauke da auren rabin Zango. Na uku baƙon. Harafi ɗaya ne tsakanin na biyu da na uku. In hannunka ya zame ka rubuta b a maimakon c, ka shafe bikin mutane, sai dai ka bar gari. Na duba girmansa, na zare wayar na ga sdc ya ɓace, na mayar na ga ya dawo. Shi ne.

Da zan iya gogewa a nan take. Amma ni ba na goge faifan da ban leƙa cikinsa ba, haka aka koya min, kuma haka nake yi ko na wane ne. Wannan gaskiya ce. Wata gaskiyar kuma ita ce ina so in leƙa.

Na ɗora shi yadda za a iya karantawa kawai ba a taɓa komai ba, na nemi jerin abin da ke ciki.

Ashe ba fanko ba ne. Folda uku. Ɗaya "aiki". Ɗaya "Mma". Ta ukun "D da L".

Na waiga, ƙofa a sakaye take, ina jiyo kiɗan bikin da Latifa ke tacewa yana tsayawa yana ci gaba. Na buɗe foldar ta laftof ɗina.

Hoton farko Kamal ne, bai kai yanzu jiki ba, gemunsa bai cika ba, sanye da farin kaftani a wani falo da ban sani ba. Dattawa zaune a kan darduma, a tsakiya ga ƙwaryar goro an lulluɓe da ganye. Na gaba Latifa ce, hannu ya sha lalle har gwiwar hannu, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na gaba su biyu a bakin teku, iska ta ɗauke mata mayafi yana bin sa da gudu. Akwai bidiyo ma. Na rage murya na kunna. Ita ke ɗauka, shi yana cin kifi yana kare fuska da hannu, tana cewa, "Deen, kalle ni mana." Ya kalle ta.

Ni bai taɓa yi min wannan kallon ba. Ko kuwa ya yi ban lura ba? Na zauna ina tono duk kallon da ya taɓa yi min ina aunawa da wannan, kamar mai auna gari a mudu.

Goron da Baaba ke jira, ashe an taɓa kai shi wani gida. Ƙanwar abokina!

Leshin ya dame ni, gumi na bin bayana. Na rufe foldar, na buɗe ta "Mma", ni ma ban san me nake nema ba. Gajerun bidiyoyi ne na waya. Wata dattijuwa a kan kujera 'yar tsugunno tana yanka kuɓewa, tana faɗa wa mai ɗaukarta, "Latifa, ki sauke abin nan ki zo ki kama min aiki." Wani tana rawa a wajen suna, ana yi mata liƙi. Na ƙarshe a gadon asibiti, ta rame, tana ɗaga hannu da ƙyar. Na tuna Kamal ya taɓa cewa mahaifiyar Latifa ta rasu bara.

Na sauke faifan daga sabar. Na rubuta umarnin fomat tsaf, mkfs.ext4, na sa sunan faifan, na duba harafin c yana nan. Saura in danna Enta.

Ai ita ta ce babu komai. Da bakinta ta faɗa, a gaban Kamal. In na danna, falon nan ya tafi, goron ya tafi, tekun ya tafi, kallon nan ya tafi. In tsohuwar ta tafi tare da su, laifin wa? Na tambaya, an ba ni amsa. Ba wanda zai ce Rashida ta yi ba daidai ba. Yatsana yana kan madannin har ina jin santsinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya tsayar da ni ba. Akwai shi, alhamdu lillahi. Muryar tsohuwar nan ta tsaya min a kunne, irin faɗan da Mma ke yi min ne sak. Amma akwai kuma wani abu da ba shi da kyau: ina so in ga fuskar Latifa in ta san na gani.

Na goge rubutun, na mayar da faifan yadda zan iya karanta shi, na buɗe ƙofa.

"Sista Latifa, zo ki ga wani abu."

Ta shigo da abin sauraro rataye a wuya. Na juya mata laftof, sunayen folda ukun a jere. Na zuba mata ido ina jiran ta rikice.

Ba ta D da L ta kalla ba. Idonta a kan ta tsakiya ya tsaya. Ta dafa bango.

"Inna lillahi... a nan suke? Sista Rashida, a nan suke?" Ta durƙusa a kan siminti da wandonta mai tsada. "Wayata ta faɗa ruwa bayan rasuwarta. Na nema ko'ina, na tambayi yayyena, na haƙura. Na zaci sun tafi."

Na kunna mata na kuɓewar. Da muryar ta fito, ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ni da na kira ta don in ga ta ji kunya, sai ga ni ina laluben hankici a jaka. Haushi ya ƙara kama ni, don ko kukan ma kyau ya yi mata.

Na bari ta lafa, sannan na sa yatsa a kan allo. "Wannan fa? Ita ma mantawa kika yi?"

Ta share ido. Ba ta yi kame-kame ba, wannan na ba ta.

"A'a. Wannan na san tana nan. Saboda ita ban ƙara soka faifan nan ba tun Mma na asibiti, shi ya sa na manta su Mma na ciki. Na kasa buɗewa, na kasa gogewa. Da na ji Deen yana cewa ana neman faifai, na ce to, ga hanya. Wani ya goge min ba tare da na gani ba."

"Sai aka rasa wanda zai goge sai ni."

"Ban zaci za ki duba ba."

"Me ya raba ku?"

Ta zauna sosai a ƙasa ta jingina da bango. "An raba goro, saura ɗaurin aure. Sai wani manemi ya zo daga Jamus. 'Yan uwana suka ruɗe, ni ma na ruɗe, ba zan ɗora wa kowa ba. Da bakina na ce na fasa. Na tafi, na ga abin da na gani, na dawo da akwati guda da saki. Mma ba ta daɗe ba bayan nan."

"Wa ya kawo ki aiki nan?"

"Shi ya kira ni. Ya ce yana neman mai tace bidiyo. Amma tun ranar farko ya gaya min akwai ke, wallahi. Ya ce Rashida zai aura."

"Ni kuma ya ce min ke ƙanwar abokinsa ce."

"Yayana abokinsa ne." Ta kawar da kai. "Rabi ya faɗa miki."

Fanka na ta gurnani. A waje ladan ya fara kiran azahar. Ina so in tsane ta, na rantse muku ina so, amma ta ƙi ba ni wurin kamawa.

"Kina son sa har yanzu?"

"Ba don in ƙwace miki shi na zo ba. Aiki nake nema, Nima ta yi min zafi da bakin mutane. Shi ma ya ce min ya goge nasa hotunan tun da daɗewa. Nawa ne kawai suka rage."

Ku lura, ba ta amsa tambayata ba. Ni ma na lura.

Na ce ta kawo laftof ɗinta. Na kwafe mata foldar "Mma" da ta "aiki", na sa ta buɗe bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar suna kunnuwa, na kuma ce ta tura wa yayanta kwafi yau ɗin nan, kada a sake ajiye tsohuwa a wuri guda. Muka je muka yi salla a bayan kantar situdiyo, a kan darduma ɗaya, ita ta fara ni na biyo. Da muka dawo na sake sauke faifan, na sake rubuta umarnin, na sake duba harafin c. Sai na ja kujera baya.

"Naki ne. Ke za ki danna."

Ta tsaya a gaban laftof ɗin. Faratanta dogaye masu jan lalle. Ta ce bismillah a hankali, ta danna.

Rubutu ya gudana a allo, 'yar fitilar ta yi ta walƙiya, kafin a tafasa ruwan shayi an gama. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ni kuwa, Allah ya yafe min, wani sanyi na ji ya sauka har tafin ƙafata.

Sauran aikin da sauƙin rai na yi shi. Na sa wa faifan suna "ajiya", na buɗe masa folda a sabar na ɗora shi. Na shigar da lambarsa a fayil ɗin da saba ke dubawa in ta tashi, don ko an yi dumso wuta ta ɗauke ta dawo, ta ɗora shi da kanta ba sai an kira ni ba. Na kashe sabar na kunna don gwaji, ya hau daram. Daga nan na ba da umarni a kwafe duk abin da ke tsohon faifan zuwa sabon.

In ana irin wannan kwafi, sunan kowane fayil yana wucewa a allo. Latifa ta jawo bokitin fenti ta kife ta zauna kusa da ni, muka zuba ido. Auren 'yar mai burodi. Sunan jikan limamin unguwarmu. Maulidin bara. Bikin da amarya ta faɗi da takalmi mai tsini, Latifa ta ce sai da ta yanke wurin. Na yi dariya ban shirya ba. Ta ce leshina a ina na saya, na ce wajen Anti Sala, ta ce in kai ta. Na ce a raina, to, wataƙila abin ya wuce. Wataƙila in ya dawo zan yi masa fushin kwana biyu, ya ba ni haƙuri, a wuce wurin.

Bukukuwa suka ƙare, kwafi ya shiga foldar Kamal ta kansa, wadda ban taɓa leƙawa ba tun da na haɗa sabar, don amana. Rasit, tambarin situdiyo, hotunan fasfo.

Sai ga shi. "D da L".

Layi bayan layi, sunayen da muka goge ɗazu suna ta wucewa, suna komawa cikin faifan da muka share. Latifa ta miƙe tsaye har bokitin ya faɗi gefe.

"Ya ce min ya goge," ta ce. "Wallahi ya ce min ya goge."

Tsofaffin hotunan suka ƙare amma foldar ba ta ƙare ba. Kyamarar situdiyo tana sa wa kowane hoto kwanan watan da aka ɗauke shi a cikin sunansa. Waɗanda ke wucewa yanzu na bana ne. Na watan jiya. Na ƙarshe na ranar Asabar ɗin nan da ta wuce, ranar da ya ce min aiki ya yi masa yawa ba zai samu zuwa gidanmu ba.

Na buɗe shi. Latifa ce a wajen bikin 'yar Alhaji, tana tsaye a gefen rumfa da kyamara a wuya, tana dariya da wani abu da ba ya cikin hoton. Daga nesa aka jawo ta. Amarya na can baya, ta dushe kamar hayaƙi. Ita kaɗai ta fito tar.

"Ban san an ɗauka ba," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Sista Rashida, ban sani ba."

Na yarda da ita. Da ma ƙarya take yi, da ya fi min sauƙi.

Muka ji takun Kamal a matakala, yana fito da baki. Ya turo ƙofa da kafaɗa, hannuwansa ɗauke da waakye a ganye, ƙamshin soyayyen yajin shito ya cika ɗakin.

"Matan ƙwarai! An gama?"

Na miƙe na gyara mayafina, na juya laftof ɗin ya fuskance shi.

"An gama," na ce. "Komai naka ya shiga ajiya. Ba abin da zai ɓata."

Ya kalli allon. Murmushin ya zame daga fuskarsa, ƙullin ganye ɗaya ya suɓuce ya fashe a ƙasa. Na tsaya cak cikin leshina ina jira ya ɗago ya dube ni, ya yi min ƙarya, ya yi rantsuwa, ya ce Rashida tsaya ki ji. Ko me ya faɗa, da zan saurara.

Ya ɗago. Latifa ya fara kallo.